Mita nawa ne ya yi nisa? Tarihin bindigar farauta da tazarar harbi

A ƙarshen watan Yunin 1874, a wani ɗan sansanin masu farautar ɓauna da ake kira Adobe Walls a arewacin Tekzas ta Amurka, wani matashi mai suna Billy Dixon ya auna wasu mahaya da ke tsaye a kan tudu da bindiga ƙirar Sharps. Mahayan 'yan asalin ƙasar ne, daga cikin mayaƙan Comanche da Kiowa da Cheyenne da suka yi wa sansanin ƙawanya, domin ana ƙarar musu da dabbar da rayuwarsu ta dogara a kanta. Dixon ya ja kunama, ɗaya daga cikinsu ya faɗo daga kan doki. Tazarar da aka fi ambata ita ce yadi 1,538, wato kimanin mita 1,400.

Har yau idan ka shiga hirar masu sha'awar harbin nesa, sai ka ji an kawo wannan labari. Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, shi kansa Dixon ya ce sa'a ce ya taka. Kuma gungun mutane ya auna, ba mutum guda ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk muhawarar da mafarauta ke yi a yau kan tazarar da ta dace a harbi dabba tana komawa ne ga bambancin da ke tsakanin abin da bindiga za ta iya yi sau ɗaya, da abin da maharbi zai iya maimaitawa duk lokacin da ya so.

Bari mu koma baya kaɗan. Bindigogin farko cikin bututunsu sumul yake, kamar bindigar toka da ka sani a hannun mafarautanmu. Harsashin dunƙulen dalma ne, kuma bai cika bututun tam ba, don haka yana fita yana gugar gefe, yana juyawa ta inda ya ga dama. Da irin wannan bindiga, da wuya ka samu mutum guda idan ya wuce mita 80 zuwa 100. Shi ya sa gwanintar maharbin wancan zamani ba a saiti take ba, a sanɗa take. Ko a ƙasar Hausa, ai ka san maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci nama. Bindigar da ba ta kai nesa ita ta haifar da wannan dabara.

Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, shi ne ya fara bayyana dalilin kaucewar harsashi ta hanyar gwaji. A 1742 ya fitar da littafinsa kan kimiyyar harbi, inda ya auna gudun harsashi da wani lilo mai nauyi da ake harbi a ga yadda ya motsa. Ya kuma jera labulen takarda yana harbi ta cikinsu, sai ya ga hujojin ba sa kan layi ɗaya: harsashin lanƙwasa yake yi a iska. Irin lanƙwasar da ƙwallo ke yi ce idan ɗan wasa ya buga ta da gefen ƙafa. Maganin kuwa maƙeran Jamus sun riga sun same shi tun ƙarni na 16 ba tare da sun san lissafinsa ba. Sukan tsaga cikin bututun da tsagi mai murɗiya, harsashi ya fito yana juyawa a kan layin tafiyarsa kamar katantanwa, juyin kuma ya hana shi karkata.

Matsalar ita ce ɗuri. Dole harsashin ya matse sosai kafin ya kama tsagin, sai an yi ta danna shi da sanda. A 1849 wani hafsan sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kawo harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga da sauƙi, idan albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagin. Ba a daɗe ba kuma aka koma ɗura bindiga ta baya da harsashi mai kwanson ƙarfe. Cikin shekara talatin, tazarar da bindiga ke kashewa ta ninka sau da yawa.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa a cikin namun daji ita ce ɓaunar Amurka, kuma nan ne ya kamata mu ɗan tsaya. A farkon ƙarni na 19 an ƙiyasta akwai kimanin miliyan 30 a filayen tsakiyar nahiyar. Wajen 1871 majema suka gano yadda za a jeme kirginta ya zama fata mai ƙarfi, irin wadda masana'antu ke buƙata don bel ɗin injina. Layin dogo ya isa Dodge City a Kansas a 1872. Sai kasuwa ta buɗe, maharba suka kwararo.

Ka lura da yadda suke aikin. Ba sukuwa suke yi a kan doki suna bin garke ba. Mutum ɗaya ne zai zagaya ta inda iska ba za ta kai warinsa ga dabbobin ba, ya zauna a tazarar mita ɗari biyu zuwa ɗari uku, ya ɗora bindigarsa mai nauyin kilo biyar zuwa bakwai a kan sanduna biyu da aka gicciya. Zai fara da uwar garken, ya harbe ta a huhu. Ita ba za ta ruga ba, sai ta tsaya tana tangaɗi ta faɗi. Sauran sun ji ƙara daga nesa amma ba su ga kowa ba, ba su ji warin kowa ba, sai su yi ta kewaye ta. Duk wadda ta yi alamar jan garken ta tafi, ita ce ta gaba. A zama ɗaya mutum yakan kashe gommai, har bututun ya yi zafi sai an zuba masa ruwa. Ka ga ke nan tazarar ba don burgewa ba ce, ita ce makamin. Dabba tana da ido da kunne da hanci don kare kanta, an dai zauna ne a inda duka ukun ba su da amfani.

Kafin 1880 garken kudu ya ƙare, na arewa ya bi shi wajen 1883. Da William Hornaday ya yi ƙidaya a rahotonsa na 1889, abin da ya rage a duk nahiyar bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, har da waɗanda ke tsare a hannun mutane.

A cikin wannan yanayi ne Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett a 1887. Su ma mafarauta ne, amma masu hali, kuma suna son su raba kansu da masu farautar kasuwa. Suka fito da ƙa'idar da za mu iya kira farautar adalci: a bar wa dabba damar tsira. Sun haramta wa 'ya'yan ƙungiyar kashe dabba da tarko, ko haske mata ido da wuta da dare, ko bin ta lokacin da ta maƙale a dusar ƙanƙara, ko harbin ta daga kwalekwale tana iyo. Abin mamaki, ba su yanka wata tazara ba. A ganina dalilin a fili yake: a zamanin albarushi mai hayaƙi, harsashi na fita da gudun da bai fi mita 400 da ɗoriya a sakan ba, yana tafiya a lanƙwashe kamar bakan gizo. Mai farautar barewa guda a cikin duwatsu, bindigar da kanta ce ke yi masa iyaka.

Iyakar ta fara gushewa tun kafin tawadar ta bushe. A 1884 Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, aka sa shi a bindigar Lebel a 1886. Aka zo da harsashi mai tsini a ƙarshen ƙarnin, gudu ya haura mita 800 a sakan. Harsasai irin su .30-06 na 1906 da .270 Winchester na 1925 suka ba maharbi damar ya auna ƙirjin barewa kai tsaye har kusan mita 250 ba tare da wani lissafi ba. Madubin hange da ake ɗaurawa a kan bindiga ya zama gama-gari bayan yaƙin duniya na biyu. Duk da haka wani shinge ya rage, wato idon mutum. Ba mu iya ƙiyasta nisa ba. Idan ka ɗauka mita 400 ne alhali 440 ne, harsashi irin .308 zai sauka kimanin santimita 30 ƙasa da inda ka nufa. Kuskuren kashi goma cikin ɗari kawai, amma ya isa ya mayar da harbin zuciya karayar ƙafa.

Wannan shingen ma ya faɗi. A 1992 kamfanin Leica ya fitar da madubin hange mai auna nisa da hasken leza, masu araha suka biyo baya. Yau manhajar waya na karɓar nisa da zafin rana da matsin iska ta gaya maka yadda za ka murɗa saitin madubinka. Harsasai irin 6.5 Creedmoor, da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, an tsara su ne don su ratsa iska ba tare da saurin rasa gudu ba. To yanzu me ya rage?

Mu yi ɗan lissafi. Ana auna daidaiton bindiga da kusurwa, kuma ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A mita 100 wannan ya yi daidai da santimita 2.9, a mita 500 kuwa santimita 14.5. Inda ake so harsashi ya shiga a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinsa kamar santimita 20 zuwa 25 ne, kwatankwacin farantin cin abinci. A takarda dai, bindiga mai kyau ta isa. Sai dai wannan adadi a kan teburi ake samunsa, da jakar yashi a ƙarƙashin bindiga, kuma sau da yawa da harbi uku kacal, wanda duk mai ilimin ƙididdiga zai gaya maka ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. A daji kuwa kana haki, gwiwarka na kan dutse, rana na faɗuwa.

Sannan ga iska. Iskar gefe mai gudun mita huɗu da rabi a sakan, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganye da ƙananan rassa ba, za ta ture harsashin .308 fiye da rabin mita kafin ya kai mita 500. Idan ka yi kuskuren mita ɗaya a sakan wajen karanta ta, ka kauce da kusan santimita 15. Na'urar da ke hannunka iskar inda kake tsaye take aunawa, ba ta san abin da ke kaɗawa a tsakiyar kwarin da ke tsakaninka da dabbar ba.

Abu na gaba babu na'urar da za ta taɓa magance shi: lokaci. Harsashin na ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na sakan kafin ya ci mita 500. Dabbar da ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a daidai lokacin da ka ja kunama ta matsa gaba da fiye da rabin mita. Saitinka daidai, lissafinka daidai, harsashin kuma ya shiga tumbi. Dabbar da aka harba a tumbi tana iya yin sa'o'i, wani lokaci kwana, kafin ta mutu. Ka ƙara da cewa yawancin harsasan farauta sai da wani gudu suke buɗewa a cikin nama, idan sun yi sanyi sai su huda kawai su wuce. Kai kuma kafin ka tsallaka kwarin ka gano daidai inda take tsaye, ka nemi ɗigon jini, duhu ya yi.

Akwai bincike a kan wannan, ko da yake ba a kan tazara mai tsananin nisa ba. A 2014 mujallar PLoS ONE ta buga nazarin da Nicholas Aebischer da abokan aikinsa suka yi kan harbi 2,281 da maharba 102 suka yi wa bareyi a Birtaniya. Kashi 96 cikin ɗari sun samu dabbar, kuma cikin waɗanda aka samu, kashi 93 sun mutu nan take. Nisa ya rage yiwuwar samu, kamar yadda kake zato. Amma wajen raunatawa, nisa ya fi yin illa ne idan ya haɗu da gaggawa. Zaman da bai yi wa maharbi daɗi ba, da dabbar da ke tafiya ko ta ɓuya a duhuwa, su ma sun ƙara yawan rauni. Wannan ne ya sa ba na gamsuwa da mai cewa mita 300 halal, 301 haram. Wani a mita 150 yana tsaye yana rawar hannu ya fi haɗari ga dabba a kan wani da ke kwance a natse a mita 350.

Amma fa kada wannan ya sa ka ɗauka gwaninta ta rufe maganar. Ko da an samu maharbin da ba ya kuskure a mita 800, tambayar ɓaunar nan tana nan: dabbar da ba za ta iya ganinka ko jin warinka ba, wace dama ka bar mata? Ita ma ƙungiyar Boone and Crockett da ta zo fitar da matsayinta kan harbin nesa a wannan ƙarni, ta ƙi yanka adadi. Ta mayar da abin ga niyya: idan burinka shi ne ka ga iya nisan da za ka samu, maimakon ka ga iya kusancin da za ka kai, to harbi kake yi, ba farauta ba.

Hukumomi ma sun rasa yadda za su sa tazara a doka, tunda babu jami'in da ke tsaye da ma'auni a lokacin da aka ja kunama. Jihar Idaho ta bi ta wata hanya: ta hana farautar manyan namun daji da bindigar da nauyinta, haɗe da madubi da duk abin da aka ɗaura mata, ya wuce fam 16, wato kilo bakwai da ɗan ɗori, kusan nauyin manyan bindigogin Sharps na zamanin Dixon. Bindigar da ake kai mita 800 da ita a yau, da yawansu ba su kai kilo biyar ba.