Hoton da Kaka Za Ta Iya Karantawa: Littattafan Yara a Ƙasar Tasawa

A 1990 Rudine Sims Bishop, masaniyar adabin yara a Amurka, ta kafa hujja cewa yaro na bukatar littafin da zai ga kansa a ciki, da kuma wanda zai leƙa rayuwar wasu ta cikinsa. Abin da ya dame ta shi ne ɗan tsiraru da ya ɓace a cikin tulin littattafai. A Baudeta, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, tulin ne babu. Ɗan Bahaushe, wanda al'ummarsa ce mafi yawa a Nijar, yakan kai shekarun shiga makaranta bai taɓa riƙe littafin labari da harshensa ba.

Hukuma ta daɗe da sanin matsalar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa kafin Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kuma kundin da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka, binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙwazon ɗalibai, ya gano cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na masu kammala firamare a Nijar ne ke karatu yadda ya kamata. Littattafan da ke isa ƙauye, in sun isa, na koyon baƙaƙe ne, kuma a akwatin malam suke kwana.

Hujjata ita ce, a irin wannan wuri hoto ya fi rubutu nauyi. Yawancin iyaye mata da kakanni ba su karanta boko, amma su ne masu tatsuniya. Kakar da ta iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi za ta iya buɗe shafi, ta dubi zane, ta gina labari a kansa tare da jikanta, muddin ta gane abin da aka zana. In ba ta gane ba, sai ta miƙa wa yaro ta ce ya kai wa malam, littafin kuma ya bar gida ke nan.

Shi ya sa daidaiton zane yake da muhimmanci. Ɗauki gawo. Duk yaron ƙasar Tasawa da Mayahi ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, awaki kuma su ci 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai zanen da bai san haka ba zai yi masa ganye shar a tsakiyar Agusta, kaka kuwa ta ce wannan ba gawo ba ne. Kuma akwai labari babba a nan: sassabin zamani, wato barin kututture ya toho a gona maimakon a sare shi, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980 har ya maido da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5. Iyayen yaran nan ne suka yi aikin da hannunsu, ya kamata 'ya'yansu su gan su a shafi.

Haka batun iyali. Gidan da yaron Baudeta ya sani yana da tsakar gida, rumbu, ɗakunan mata fiye da ɗaya, yaya mai goyon ƙane, da uban da ya tafi ci-rani bayan girbi. Yana da maƙwabta Fulani da Buzaye da ake haɗuwa da su a bakin rijiya. Bambancin da ake nema yana nan kusa. In labarin mafarki ake so a zana kuwa, yaran makarantar allo sun ji na Annabi Yusuf, kuma ana iya zana taurari goma sha ɗaya da rana da wata ba tare da an zana Annabi ba, abin da zai kwantar da hankalin iyaye masu ɗari-ɗari da hoto.

Za a ce fassara ta fi araha. Gaskiya ne: African Storybook na Afirka ta Kudu yana da labaran Hausa kyauta a intanet, kuma yaro ya cancanci ganin teku da ƙanƙara. Sai dai kyautar intanet tana bukatar waya da caji da kuɗin data, kuma yawancin Hausar da ke ciki ta Najeriya ce. Ko rubutun ya bambanta: Nijar na rubuta ƴ inda Kano da Zariya ke rubuta 'y, bambancin da babba ba ya kula da shi amma yake rikita mai koyon baƙi. Maɗaba'u irin su Gashingo a Yamai sun nuna ana iya buga littafin yara da harsunan ƙasa a gida. Abin da ya rage shi ne a horar da masu zane daga Tasawa da Maraɗi, a gwada kowane shafi a gaban mata a tsakar gida kafin a buga, sannan a ba yaro littafin ya tafi da shi gida, ko da zai dawo da shi a yage.