Bar Beach: Bakin Tekun da Ikko Ta Rasa

Duk wanda ya zauna Ikko kafin shekarar 2000, in ka ce masa bakin teku, wuri guda ne zai faɗo masa a rai, wato Bar Beach da ke tsibirin Biktoriya, gefen titin Ahmadu Bello. Yaranmu na yanzu sai dai su ji a baki. Shi ya sa na ga ya kyautu a rubuta tarihinsa kafin waɗanda suka san shi su ƙare.

Sunan ya samo asali ne daga tudun rairayi da ke kwance a mashigar tashar jiragen ruwa, wanda Turawa ke kira "bar". Wannan tudu ya daɗe yana hana manyan jirage shigowa, sai dai su tsaya can waje a yi ta jigilar kaya da ƙananan jirage. Don haka wajen 1908 gwamnatin mulkin mallaka ta shiga jera manyan duwatsu cikin teku, ganuwa ta gabas da ta yamma, domin hanya ta zauna buɗe. Zuwa 1914 manyan jirage sun fara shiga. Kasuwanci ya bunƙasa, amma fa tun ran nan aka haƙa wa Bar Beach kabari. Dalili kuwa, igiyar ruwa a gaɓar nan daga yamma take kwaso rairayi ta kai gabas. Da ganuwa ta tare hanya, sai rairayin ya riƙa taruwa a yamma, shi kuwa Bar Beach teku na ci, ba mai mayar masa.

Duk da haka, shekaru da dama nan ne wurin hutun kowa da kowa. Ba ƙofa, ba mai tambayar ko kai ɗan wane ne. Ran Sallah, bayan an sauko daga Idi an ci tuwo, mutanen Obalande da Idi-Araba da Agege su ɗebo yara su nufo teku. Ga masu tsire, ga samarinmu masu dawaki suna ɗora mutane a ɗauki hoto, can gefe kuma masu fararen riguna na coci suna ta addu'o'insu. Mutum ya yi mako yana fama da hayaƙi da cunkoson motoci, sai ya zo ya shimfiɗa tabarma, iska ta buge shi, ya koma kamar an sauke masa kaya. Shiga ruwan kam sai mai ƙarar kwana, don igiyarsa ba ta da wasa.

Wurin yana da nasa baƙin tarihi. Bayan yaƙin basasa fashi ya yi ƙamari, gwamnatin Janar Gowon ta sa hukuncin kisa, aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin turaku a harbe su a gaban dubban jama'a. A nan aka harbe Ishola Oyenusi ranar 8 ga Satumba, 1971.

Gwamnatoci sun yi ta zuba rairayi, teku na kwashewa. Ruwa ya sha tsallakowa ya mamaye titin Ahmadu Bello har ya shiga ofisoshin jihohi da ke jere a wurin. Daga 2008 aka fara cike tekun don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka yi masa katafariyar ganuwar duwatsu. Gaskiya ambaliyar ta yi sauƙi, wannan ba musu. To amma inda talaka ke shimfiɗa tabarma kyauta ya zama filin da ko a mafarki ba zai iya saye ba.

Sauran wuraren ma ba su tsira ba. An rushe Kuramo a 2012 bayan igiyar ruwa ta ci rayuka, an kori mazauna Tarkwa Bay a Janairun 2020. Yau mai iyali da ke son yaransa su ga teku ran Sallah, sai ya nufi wajen Lekki, ya biya kuɗin mota, ya kuma biya kuɗin ƙofa kan kowane kai.