Izgar Doki, Lilin da Nailan: Tarihin Zaren Fatsa da Kwarkwaronsa

A jikin kwarkwaron fatsa na zamani, wato ƙaramar na'urar nan da ake ɗaurawa a gindin sandar kamun kifi domin ta naɗe zare ta kuma warware shi, akwai wasu ƙananan lambobi da masana'anta kan buga. Alal misali, za a ga 0.30, a gefensa kuma 200. Ma'anarsu ita ce, idan kaurin zaren milimita 0.30 ne, kwarkwaron zai ɗauki mita 200. Mai saye yakan dube su ya wuce. Ni kuwa ina ganin a cikin lambobin nan akwai tarihin shekara ɗari biyar na jayayya tsakanin ƙarfin zare da tsawonsa, abubuwa biyu da mai fatsa ke so a tare, amma ciki ɗaya ba ya ɗaukarsu. Sunan kwarkwaro daga masaƙa da teloli na aro shi, domin masuntanmu da koma da gora da mamari suka gada. Wannan na'ura baƙuwa ce a wurinmu, tarihinta kuma yawanci a Ingila da Amurka ya gudana.

Lissafin da ke ƙarƙashin jayayyar ba mai wuya ba ne. Idan aka ninka kaurin zare sau biyu, ƙarfinsa zai ninku kusan sau huɗu, amma tsawon da zai shiga kwarkwaro zai koma rubu'i. Kwarkwaron nan da ya ɗauki mita 200 na zare mai kaurin 0.30, in aka ɗura masa mai kaurin 0.40, abin da zai ci bai wuce mita 112 ba. Duk ƙarfin da mutum ya saya, da tsawo ya biya. Kifi kuwa ta hanya biyu yake kuɓuta: ko ya fizga ya tsinke zare, ko ya yi ta gudu har zare ya ƙare.

Mutanen farko da suka rubuta wannan ilimi a Ingila hanya ɗaya kawai suka sani, domin ba su da kwarkwaro. A shekarar 1496 mai ɗab'i Wynkyn de Worde ya buga wata ƙaramar maƙala a kan fatsa, wadda ake jingina wa wata mata mai suna Juliana Berners. Zaren wancan zamani izgar doki ce, ana murɗa gashin ana ƙulla gaɓa da gaɓa, sannan a ɗaure a bakin sanda. Maƙalar ta ƙayyade yawan gashin da ya dace da kowane kifi: gashi ɗaya tak ga ɗan mitsitsin kifin rafi, a yi ta ƙarawa gwargwadon girman abin da ake nema, har a kai gashi 15 ga kifin samon. Kifi mai kaifin haƙora kuma sai an haɗa masa da waya. Abin da ya burge ni a wannan tsari shi ne an riga an gane cewa yawan ƙarfi ma illa ne. Zare mai kauri kifi na ganinsa ya ƙi cin ƙugiya. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, ashe mai kaurin izga ma yana ganinsa.

To, idan babban kifi ya faɗa wa mai gashi uku fa? Izaak Walton, wanda littafinsa na fatsa ya fito a 1653, ya ambaci dabarar da ake yi: mutum ya jefa sandar gaba ɗaya cikin kogi, kifi ya yi ta janta har ya gaji, sannan a bi a ɗauko. Abin kamar da ban dariya, amma hikima ce. A da, masuntan Sorko na kogin Kwara haka suke yi wa dorina, su soke ta da mashi mai igiya da abin yawo a kan ruwa, su bar ta ta gajiyar da kanta. Wanda ba shi da wurin ajiye tsawo, sai ya mai da kogin kansa ma'ajiya.

Kwarkwaro ya daɗe a Sin kafin Turawa su san shi. Akwai zanen Ma Yuan na wajen shekarar 1195, na wani masunci shi kaɗai a kwalekwale, sandarsa ɗauke da wani abu mai kama da ƙafar keke yana naɗe zare. A Ingila kuwa sai a 1651 Thomas Barker ya ambace shi a rubuce, kuma ya ɗauki lokaci bai karɓu ba. Dalili a fili yake. Zaren izga ƙulle-ƙulle ne, ƙulli kuwa ba ya wucewa sumul ta zoben sanda. Sai da aka iya saƙa dogon zare marar ƙulli, na izga haɗe da siliki, daga baya na siliki zalla, sannan kwarkwaro ya sami aikin yi. A farkon ƙarni na 19, a garin Paris na jihar Kentaki a Amurka, wani mai gyaran agogo, George Snyder, ya shahara da ƙera kwarkwaro mai haƙora a ciki, wanda in an juya hannunsa sau ɗaya cikinsa ya juya sau da yawa. Ba mamaki a ce mai agogo ne, domin aikin na mai haƙurin goge ƙananan haƙoran ƙarfe ne.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne tsibirin Katalina, kusa da gaɓar Kalifoniya. A ranar 1 ga Yuni, 1898, wani masanin halittu, Charles Frederick Holder, ya kama kifin tuna mai nauyin laba 183, wato kimanin kilo 83, da sanda da kwarkwaro, bayan kokawar kusan awa huɗu. Kafin nan masu yawon shaƙatawa da igiyar hannu mai kauri suke fizgo kifayen tsibirin, su tara su a bakin gaɓa fiye da abin da za a iya ci. Wannan ɓarna ta dame shi. A wannan shekara ya kafa ƙungiyar masu kamun tuna a garin Avalon, ƙungiyar kuma ta kafa wata doka da ta juya al'amarin baki ɗaya: ba za a ƙirga wa ɗan ƙungiya kifi ba sai in zarensa bai wuce sili 24 ba.

Zaren teku a lokacin na lilin ne, ana auna shi da yawan silin da aka murɗa. Kowane sili yana ɗaukar kimanin laba 2 a bushe, kusan 3 in ya jiƙe, domin lilin na ƙara ƙarfi a ruwa. Ke nan sili 24 ba zai ɗaga abin da ya wuce laba 72 ba ko da a jiƙe. Da wannan ake so mutum ya fito da tuna mai laba 100 ko fiye kafin a ba shi maɓallin shuɗi na ƙungiya. A 1899 Kanar C. P. Morehouse ya fito da mai laba 251. Sirrin shi ne kifi a cikin ruwa ba nauyinsa yake ɗora wa zare ba, ƙarfin iyonsa ne, ƙarfin iyo kuwa yana ƙarewa in dai zare bai riga shi ƙarewa ba. Daga ranar da doka ta ɗaure ƙarfi, sai gasar ta koma kan tsawo da kan iya saki. Ba zan ce dokar tausayi ce tsantsa ba. Kifin da aka wahalar awa huɗu bai ga wani rangwame ba, 'yan ƙungiyar kuma masu hali ne da ke neman abin alfahari. Amma ta rage yawan kisa, ta kuma tilasta wa maƙera su yi tunani.

Tunanin da ya zama dole shi ne na birki. Kwarkwaron zamanin Holder ba shi da wani birki sai ɗan guntun fata da ake dannawa da babban yatsa, kuma idan kifi ya zabura, hannun kwarkwaron yakan juya baya da gudun da ke fasa 'yan yatsu. Wani ɗan ƙungiyar, William Boschen, tare da maƙerin New York Julius vom Hofe, suka fito da birki na ciki wanda ake ƙara wa ƙarfi ko a rage da wata 'yar maɓalli mai siffar tauraro, hannun kuma ya daina juyawa baya. A 1913 Boschen ya zama na farko da ya kama kifin nan mai faffaɗan takobi a baki da sanda da kwarkwaro.

Birki ya zo da nasa darasi, wanda har yau shi ne ginshiƙin daidaita zare da kwarkwaro. Masu fatsa sun koyi ɗaure birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, ba fiye ba. Mai karatu zai ce me ya sa a bar kashi biyu cikin uku a banza? Ba a banza aka bar su ba. Ƙulli yana cin nasa rabo. Ruwa ma yana cin nasa, domin zare mai tsawon ɗaruruwan mita da kifi ya lanƙwasa a cikin teku yana jan kansa da kansa. Babban macijin kuwa yana cikin kwarkwaron. Yayin da zare ke fita, naɗin yana ramewa, jan yana matsowa kusa da tsakiya, kamar mai tura ƙofa daga kusa da inda aka kafe ta. In faɗin naɗin ya koma rabi, ƙarfin da ake bukata a juya shi ya ninku biyu, alhali ba wanda ya taɓa birkin. Saboda haka zare yakan tsinke ne daidai lokacin da ya kusa ƙarewa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mai zare mai kauri a ƙaramin kwarkwaro shi ya fi saurin isa wannan wuri, domin naɗinsa ya fi saurin ramewa.

A 1939 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu fatsar wasa, IGFA, wadda ta mai da dokar Avalon ta zama ma'aunin kowa, ta kasa bajinta aji-aji bisa ƙarfin zare. Aji mafi girma shi ne laba 130, wato kilo 60. Da zaren wannan aji ne Alfred Glassell ya kama baƙin kifin malin mai laba 1,560, kimanin kilo 707, a Cabo Blanco ta ƙasar Peru ranar 4 ga Agusta, 1953. Kifin ya ninka ƙarfin zaren sau 12. Har yau ba a karya wannan bajinta a jinsinsa ba.

Amma duk wannan labarin attajirai ne da jiragen ruwansu. Talaka mai fatsa a bakin rafi wata hanya ta kawo masa sauƙi. A 1905 Alfred Illingworth, ɗan gidan masu masaƙa a Bradford ta Ingila, ya yi rajistar kwarkwaron da cikinsa ba ya juyawa lokacin jifa. Zare ne ke zamewa ta bakinsa, kamar yadda yake zamewa daga kwarkwaron masaƙa. Ana iya jefa ƙugiya marar nauyi ta yi nisa da shi, amma yana da tsirfa. Zare mai kauri ba ya kwanciya a kansa, sai ya yi ta tsalle yana cukurkuɗewa. In ba a cika shi ba zare ya goge baki jifa ta gajarta, in an cika shi ya wuce kima ya zubo gaba ɗaya. Shi ya sa ake barin kimanin milimita 2 zuwa 3 tsakanin naɗi da baki. Na'urar ta riga zarenta zuwa duniya, ta zauna tana jira.

Zaren ya zo daga kamfanin DuPont, inda Wallace Carothers da abokan aikinsa suka haɗa nailan a 1935. Zaren fatsa na nailan ya shiga kasuwa a 1939, amma na farkon mai tauri ne, sai a ƙarshen shekarun 1950, da fitowar samfurin Stren, ya yi laushin da ya karɓu. A tsakanin nan kwarkwaron Mitchell 300 ya fito daga garin Cluses na Faransa, wanda shi ma garin masu agogo ne. Haɗuwar su biyu ta kawar da lilin, wanda dole a warware shi a shanya bayan kowace fita, in ba haka ba ya ruɓe. Nailan kuma ya zo da halinsa. Yana miƙewa in an ja shi, kuma in an naɗe shi a miƙe yakan nemi komawa yadda yake, ya matse cikin kwarkwaro har ya tsage waɗanda aka yi da roba. Maƙera suka koma ga ƙarfe.

A shekarun 1990 aka sake juyi, da zare mai kitso na Spectra da Dyneema, wanda ya fi nailan siranta nesa ba kusa ba a ƙarfi ɗaya, kuma kusan ba ya miƙewa. Karo na farko mai ƙaramin kwarkwaro ya sami ƙarfi da tsawo a tare. Rauni dai bai ɓace ba, wuri ya sauya. Zaren da ba ya miƙewa yana miƙa kowace fizga kai tsaye ga sanda da haƙoran kwarkwaro, wanda aka ƙera domin zaren laba 10 kuma ba zai jure jan laba 50 ba don kawai zaren ya shiga cikinsa. Yana da santsi kuma, har dukan naɗin kan zame a kan ƙarfe, shi ya sa ake fara shimfiɗa ɗan nailan a ƙasa kafin a ɗora shi. Kwarkwaron yau yakan zo da layin lambobi biyu, ɗaya na nailan, ɗaya na kitso.

Lambar ƙarfin da ke jikin kwalin zare ita ma tana da fuska biyu, gadon Avalon ne. Zaren kasuwa da aka rubuta wa laba 20 yawanci sai ya haura 20 yake tsinkewa, domin mai sayarwa ba ya son a ce zarensa rarrauna ne. Wanda ke neman bajinta kuwa dole ya aika wa IGFA guntun zaren da ya yi kamun da shi, su jiƙa shi su ja a na'ura. In ya jure fiye da iyakar ajinsa, sai a mayar da kifin aji na sama, inda wataƙila wani ya riga ya kama wanda ya fi shi. Domin irin waɗannan mutane ake yin zare na musamman, mai tsada, wanda alkawarin masana'anta a kansa shi ne zai tsinke kafin ya kai lambar da aka rubuta.