Land Rover

Land Rover tambarin motoci ne na ƙasar Birtaniya da ya yi suna wajen ƙera motocin da ke shiga daji da rairayi da laka da duwatsu, wato wuraren da babu kwalta. Kamfanin Rover ne ya fito da motar farko a shekarar 1948 a masana'antarsa da ke Solihull, kusa da birnin Birmingham a Ingila. Tun daga shekarar 2008 tambarin yana hannun kamfanin Tata Motors na ƙasar Indiya. Hausawa kan kira tsohuwar motar Landiroba. An ƙirƙire ta ne domin aikin gona, daga baya sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya suka rungume ta, amma a yau yawancin motocin da ke ɗauke da sunan na alfarma ne masu tsada. Wannan sauyi shi ne ya raba ra'ayin masu mallakarta.

Asali

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancin ƙarfe a Birtaniya. Gwamnati ce ke raba shi ga masana'antu, kuma tana fifita waɗanda ke fitar da kaya zuwa ƙasashen waje domin samun kuɗin musaya. Motocin gida da Rover ke ƙerawa ba su da kasuwa sosai a waje, saboda haka kamfanin ya shiga neman abin da zai riƙe ma'aikatansa.

Babban mai tsara motocin kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey na yankin Wales, inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka. Shi da yayansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka lura cewa babu wata mota ƙirar Birtaniya da za ta maye gurbinta. A 1947 suka haɗa motar gwaji a kan ƙashin Jeep, da sitiyari a tsakiya kamar na tarakta. Ba a ci gaba da wannan tsari na sitiyari ba.

An nuna Land Rover ta farko a baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, a kan farashin fam 450. Injinta na fetur ne mai lita 1.6 da ƙarfin doki kusan 50, yana juya tayoyi huɗu, kuma tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya inci 80 ce. An yi jikinta da alminiyam saboda ya fi ƙarfe samuwa, aka bar shi shimfiɗe ba lanƙwasa mai yawa domin a rage kuɗin injinan ƙira. An kuma sa mata wurin jona na'urorin gona, ta yadda injinta zai iya juya zarto ko famfon ban ruwa. Kamfanin ya ɗauke ta a matsayin abin toshe giɓi na ɗan lokaci, amma cikin 'yan shekaru ta fi motocin gida na Rover kasuwa.

Samfuran Series

Motocin farko su ne aka riƙa kira Series I daga baya. A 1954 aka ƙara tsawonta zuwa inci 86, aka kuma fito da doguwa mai inci 107. A 1956 suka koma inci 88 da 109, ma'aunin da ya daɗe kusan shekara talatin. Injin dizal ya shigo a 1957. Series II ta fito a 1958 da injin fetur mai lita 2.25, sai Series IIA a 1961, da Series III a 1971. A 1976 aka ƙera Land Rover ta miliyan ɗaya.

Yawancin motocin ƙasashen waje ake kai su. Kamfanin Minerva a Beljiyam da Santana a Sifaniya sun ƙera ta bisa lasisi, an kuma riƙa aika ta gunduwa-gunduwa ana harhaɗawa a ƙasashe kamar Ostareliya, Afirka ta Kudu, Kenya da Najeriya. Domin ƙasashe masu zafi an yi mata rufi mai hawa biyu, iska na ratsawa tsakani don rage zafin rana.

Range Rover, Defender da Discovery

A watan Yunin 1970 kamfanin ya fito da Range Rover, wadda injiniya Charles Spencer King ya jagoranci tsarawa. Tana da injin fetur mai silinda takwas da lita 3.5, wanda Rover ya sayi haƙƙin ƙera shi daga kamfanin General Motors na Amurka. Maimakon sifirin mai falle-falle an sa mata mai murɗi, abin da ya sa ta fi laushin tafiya. Ta farko ba ta alfarma ba ce: ƙofa biyu gare ta, kujerunta na leda, daɓenta na roba da za a iya wankewa da ruwa. Mai ƙofa huɗu ta zo a 1981, kuma a 1987 aka fara sayar da ita a Amurka, inda ta samu karɓuwa wajen attajirai.

Motar aiki kuwa ta samu sabon ƙashi da sifirin irin na Range Rover a 1983, da sunan One Ten, sai gajeriyarta Ninety a 1984. Da Discovery ta fito a 1989 a matsayin motar iyali, aka ga buƙatar bambanta su, shi ya sa a 1990 aka raɗa wa motar aikin suna Defender. Freelander ta biyo baya a 1997, Range Rover Sport a 2005, Evoque a 2011.

An daina ƙera tsohuwar Defender ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi fiye da miliyan biyu na Series da Defender a haɗe. Dokokin hayaƙi da na kare lafiyar fasinja sun yi mata tsauri, kuma yawancin aikin haɗa ta da hannu ake yi, wanda ke cin kuɗi. Sabuwar Defender da aka nuna a 2019 ana ƙera ta ne a Nitra ta ƙasar Sulobakiya. Jikinta da ƙashinta a haɗe suke, kuma kwamfuta ce ke sarrafa yawancin sassanta.

Sauyin masu kamfani

A 1967 Rover ya shiga kamfanin Leyland, wanda ya zama British Leyland a 1968. Gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975 bayan ya durƙushe. A 1978 aka ware Land Rover ya zama reshe mai cin gashin kansa. British Aerospace ya sayi rukunin a 1988, BMW na Jamus a 1994, sai Ford na Amurka ya sayi Land Rover a 2000. A 2008 Ford ya sayar da shi tare da Jaguar ga Tata Motors a kan dala biliyan 2.3, kuma a 2013 aka haɗe su wuri guda da sunan Jaguar Land Rover.

Tafiye-tafiye da tsere

Sunan motar ya ƙaru da dogayen tafiye-tafiye. Tsakanin 1955 da 1956 wasu ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge sun tuƙa Land Rover biyu daga Landan zuwa Singafo. A 1972 Range Rover biyu suka ratsa dajin Darien da ke tsakanin Panama da Kolombiya, a tafiyar da ta taso daga Alaska zuwa ƙarshen Kudancin Amurka. A tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya ƙare a Janairun 1979 ya kuma bi ta Agadas da Yamai, Range Rover ce ta zo ta ɗaya a cikin motoci. Ta sake lashe shi a 1981. Daga 1981 zuwa 1998 motocin kamfanin ne ake amfani da su a gasar Camel Trophy. Yarima Philip na Ingila ya sa hannu wajen tsara wata Defender da aka ɗauki gawarsa a cikinta a Afrilun 2021.

Abin da masu ita suka shaida

Abu na farko da masu tsohuwar Land Rover ke yabawa shi ne sauƙin gyara. Sassan jikinta da kusoshi aka ɗaure su, ana iya kwance ƙofa ko rufi ko murfin inji da sifana kawai. Injin Series ba shi da kwamfuta, bakaniken ƙauye na iya gano cutarsa da kunne da ido. Kayan gyaran samfura daban-daban sukan shiga juna, shi ya sa ake haɗa mota ɗaya mai rai daga matattu biyu. Ga direban da ke nesa da gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin lalacewar mota a hamada na iya zama sanadin rasa rai.

Na biyu shi ne iya shiga wuri mai wuya. A motocin Series akwai sandar giya mai jan kai da ke sa ƙaramar giya domin hawan tudu ko fita daga laka, da mai kai ruwan ɗorawa da ake dannawa don haɗa tayoyin gaba. Motar ba ta da nauyi sosai, cikinta ya yi nesa da ƙasa, kuma tana iya jan tirela.

Ƙorafe-ƙorafen ma sanannu ne. Alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙashin motar da bangon da ke raba inji da direba na ƙarfe ne, kuma tsatsa na cin su daga ciki. Inda ƙarfe ya taɓa alminiyam ma yakan ci shi ya bar farin gari. Saboda haka masu sayen tsohuwa kan fara leƙa ƙarƙashinta kafin su dubi fenti, wasu kuma su sauya mata sabon ƙashi da aka tsoma a tutiya. Yoyon baƙin mai daga inji da akwatin giya ya zama abin barkwanci a tsakaninsu. Sandar da ke juya tayar baya a motocin Series takan karye idan kaya ya yi yawa ko aka saki kulochi da ƙarfi, har ya zama al'adar masu doguwar tafiya su ɗauki ta ajiya. Wayarin ma yakan ba da wahala.

Zama a cikinta ba daɗi. Series na da ƙara, sitiyarinta na da tauri, tana jijjiga a hanya mai gargada, ruwan sama da ƙura na shigowa ta gefen ƙofa, kuma da ƙyar take wuce kilomita 100 a awa ɗaya. A Defender kujerar direba ta matsu da ƙofa, har direbobi da yawa kan sauke gilashi don samun wurin ajiye gwiwar hannu. Fim ɗin The Gods Must Be Crazy na 1980 ya yi wasa da wannan hali, inda aka nuna wata tsohuwar Land Rover marar birki. Duk da haka masu ita kan riƙe ta shekara da shekaru, kuma suna da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama. Injinan dizal na 200Tdi da 300Tdi na shekarun 1990 su ne suka fi daraja a wurinsu, saboda ƙarko da rashin dogaro da kwamfuta.

Labarin sababbin samfura daban ne. Masu su na yaba laushin tafiya da ƙarfin inji da yadda motar ke daidaita kanta da rairayi ko laka ta hanyar murɗa maɓalli. Amma a binciken ƙarkon motoci da ake yi a Birtaniya da Amurka, tambarin ya sha fitowa a sahun ƙasa. Sassan da aka fi ambata su ne jakunkunan iska da ke ɗaga motar, na'urorin lantarki, da kuma gaskit ɗin kan injin fetur na Freelander ta farko. Gyaransu na buƙatar na'urar gwaji da kaya masu tsada, abin da ke wahalar da wanda ya sayi ta hannu a ƙasar da babu dillali kusa. A Birtaniya yawan satar Range Rover ya sa kuɗin inshorarta ya yi tashin gwauron zabi a wajajen 2023.

Land Rover a Afirka

A shekarun 1950 da 1960 Land Rover ce motar hukuma a yawancin ƙasashen Afirka da Birtaniya ta mallaka. A Arewacin Najeriya da ita jami'an mulki ke fita rangadi, da ita malaman dabbobi da na asibiti ke isa ƙauyuka, kuma 'yan sanda sun daɗe suna sintiri da ita bayan samun 'yancin kai.

Daga shekarun 1970 kasuwar ta fara suɓuce mata. Yajin aiki da ƙarancin jari a British Leyland sun sa masu saye jira na tsawon lokaci, kayan gyara suka yi wuya, motar kuma ba ta sauya sosai ba. A daidai lokacin Toyota ta shigo da Land Cruiser mai inji babba na silinda shida, da Hilux, tare da dillalai da wadatar kayan gyara. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka koma gare su, kamar yadda manoman Ostareliya suka yi. Matakin ƙarshe na yaƙin Chadi da Libiya a 1987 har laƙabin Yaƙin Toyota ya samu, kuma a yau motocin Toyota ne suka mamaye hanyar Agadas zuwa Dirku. Tsofaffin Land Rover sun rage a wuraren yawon buɗe ido na gabashin Afirka da wasu yankunan duwatsu, yayin da Range Rover ta zama motar 'yan kasuwa da 'yan siyasa a birane kamar Abuja, Legas da Kano.

Matsayinta a yau

Darajar tsofaffin Series da Defender ta ƙaru bayan daina ƙera su. Kamfanin kansa ya fara shirin sayo tsofaffin Series I yana sabunta su a 2016. A Amurka, inda aka sayar da tsohuwar Defender daga 1993 zuwa 1997 kawai, doka ta yarda a shigo da motar da ta kai shekara 25, shi ya sa dillalai ke neman tsofaffin daga Turai. Giɓin da ta bari ya sa attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya ƙirƙiri motar Ineos Grenadier mai kama da ita. Masana'antar Solihull na ci gaba da ƙera Range Rover da Range Rover Sport.