Ƙullutun tafin ƙafa da yadda hoton sikan ke gano shi

A ƙarƙashin fatar tafin ƙafa akwai wani faffaɗan tantani mai tauri da ya tashi daga diddige zuwa gindin yatsu, shi ke riƙe da lanƙwasar ƙafa. Wani lokaci ƙullutu kan tsiro a jikinsa, galibi a tsakiyar tafin, ta ɓangaren babban yatsa. Likitoci na kiran wannan lalura cutar Ledderhose, sunan likitan fiɗa Bajamushe Georg Ledderhose, wanda ya bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 19.

Ƙullutun ba kansa ba ne, kuma ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Yana girma a hankali, yawanci bai wuce santimita 2 ba. Ya fi samun maza masu matsakaicin shekaru, ana kuma yawan ganinsa ga masu ciwon suga da farfaɗiya.

Hannu kaɗai ba ya bambanta shi da wasu cututtuka masu kama da shi. A Jihar Nasarawa, inda jama'a da dama ke noman doya da riɗi, ƙaya ko tsinke na iya karyewa a cikin ƙafa, nama ya dunƙule a kansa. Haka ma maisitoma, cutar da ƙwayoyinta ke shiga ta raunin ƙaya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016, da kumburi marar zafi take farawa.

A nan ne sikan ke da amfani, wato na'urar da mata masu juna biyu suka saba da ita. Tana aiki da sautin da kunne ba ya ji, babu yanka, babu tururin da ke cikin hoton ƙashi. Ƙullutun Ledderhose na fitowa a allo da duhu, mai siffar ƙwallon dabino, manne da tantanin. Ƙaya kan fito fari fat, alhali hoton ƙashi ba kasafai yake nuna itace ba. Maisitoma kuwa na nuna ƙananan ɗigo masu haske a cikin ramuka.

Mazauna Lafiya na iya neman wannan gwaji a manyan asibitoci. Idan ƙullutun ya yi girma da sauri ko ya yi zurfi, likita kan buƙaci hoton MRI ko a gutsuri naman a auna, domin kawar da zargin kansa.

Magani na farawa ne da shimfiɗar takalmi mai laushi da motsa ƙafa, wani lokaci da allura. Tiyata ce matakin ƙarshe, domin ƙullutun kan dawo idan shi kaɗai aka cire. Don haka kai ƙafar wurin wanzami a tsaga kafin a ɗauki hoto na iya barin tabo mai zafi, kuma ga mai ciwon suga, gyambon da zai daɗe bai warke ba.