Daga Maƙera Zuwa Gareji: Tarihin Sabis Ɗin Mota A Ƙasarmu

Duk garin da muka shiga a ƙasar Hausa, da wuya mu rasa wata inuwar darbejiya da ƙasar gindinta ta rine da baƙin mai, ga motoci biyu ko uku an ɗaga musu bonet, ga yara da sifana a aljihu. Mun saba da wannan wuri har ba ma tambayar yadda aka yi ya samu. Alhali kuwa idan muka bi diddigin abin da muke kira sabis, wato duba lafiyar mota tun ba ta kwanta ba, za mu ga cewa ya tashi ne lokacin da aljihunmu ya cika, ya kuma yi rauni lokacin da aljihun ya ɓule, aka bar bakanike da ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya.

Mafarin Sana'ar

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya jawo mota a bayansa, domin gyaɗa da audugar da ake nomawa nesa da layin dogo sai an kawo su tasha. Da farko raƙuma da jakuna ke wannan aiki, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe shi. A wancan zamani gyaran mota na ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ne da ta En'e, sai kuma kamfanonin Turawa masu sayar da motocin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin da suka dawo daga Bama, waɗanda wasunsu suka koyi tuƙi da kanikanci a bariki, sun ƙara yawan masu hannu a sana'ar.

Galibin kanikawan farko masu zaman kansu 'yan kudu ne mazauna Sabon Gari. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa da yawansu sun koma gida, giɓin da suka bari kuwa yaransu 'yan arewa ne suka cike shi. Ba su kuma zo hannu rabbana ba. Al'ummar da ta gaji ƙira ta riga ta san ƙarfe da wuta, ta kuma san tsarin kai yaro wurin maigida ya yi shekaru yana koyo kafin a yaye shi. Abin da ya canza shi ne, zugazugi ya zama walda, uwar maƙera ta zama benci.

Zamanin Yalwa

Shekarun 1970 su ne ƙuruciyar mota a ƙasar nan. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Kuɗin man fetur suka shigo, sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Daga baya aka kafa na manyan motocin Fiat a Kano da na Steyr a Bauci. Malamin makaranta da akawu suka sami rancen mota, suka fito da sabuwa dal cikin leda.

Sabuwar mota tana zuwa da littafinta, wanda ke faɗin tafiyar da za a yi kafin a komar da ita. A nan ne sabis ya zama al'ada. Kusan duk bayan kilomita 5,000 za a juye baƙin mai, a sake filta, a goge fulogi, a daidaita kwantak, a wanke kafireta, a duba ruwan lagireto da na batir da man birki, a shafa giris inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ba don ado ake yin haka ba. Mai idan ya daɗe yakan tsinke ya kwashi dauɗa, ƙurar hunturu kuma takan toshe matacin iska, idan ta sami hanyar shiga injin sai ta riƙa cin fistin da ringi kamar yashi. Da lokacin garanti ya wuce, mai mota kan bar kamfani ya koma wurin bakanikensa na unguwa, wanda sau da yawa a kamfanin ya koyi aikin, ga sauƙin kuɗi, ga kuma bashi idan wata ya yi nisa. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ita ce allon karatun wannan zamani. An daina ƙera ta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira, wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da dala, ta faɗi, har a 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Aka koma sayen waɗanda Turawa suka gama yayinsu, masu shigowa ta tashar Kwatano, kayan gyara ma aka koma na gwanjo da ake kira Baljiyam. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna suka zama asibitin ƙarafa.

A nan ne ma'anar zuwa gareji ta juye. Motar da ta zo ba littafi, ba wanda ya san tafiyar da ta yi, mai ita kuma yana fama da cefane, sai aka daina kai ta don rigakafi, sai ta tsaya. Kalmar "maneji" ta shiga bakin kowa. A yanka robar taya a yi bushin, a like lagireto, a ɗaure salansa da waya. Babu shakka wannan zamani ya fito da basirar bakanike fiye da kowane, domin ya raya motocin da ƙasashen da suka ƙera su sun daɗe da binne irinsu. Sai dai birki da taya ba su san maneji ba, kuma hanyoyinmu sun karɓi diyyar haka da rayuka. Yawan haɗurra ne ya sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, wadda marubuci Wole Soyinka ya fara shugabanta.

Zamanin Na'ura

Tsohon bakanike da kunne yake aiki. Ya kara sukundireba a jikin injin ya saurara, ya dubi launin hayaƙi, ya faɗi ciwon. Amma daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake jona na'ura a karanta matsalar injin, Turai ta bi sahu a farkon shekarun 2000, kuma waɗannan motoci su ne suka cika titunanmu daga baya. Kafireta da kwantak suka kau, kwamfuta ce ke auna mai da iska da wuta. Yau yaron da ya iya karanta na'ura yakan gano cikin minti biyar abin da ogansa zai kwana yana lalube, shi kuma ogan yakan ji ƙarar da na'urar ba ta gani. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sake kawo sabon darasi, wato mayar da motoci masu amfani da iskar gas, aikin da kuskure a cikinsa ba ya yafiya.

Kammalawa

Garejin unguwa bai bar mana ƙarfe kawai ba, ya bar mana harshe. A can aka sarrafa totur da sitiyari da safaya da giya har suka zama namu, muna cewa mutum ba shi da birki, ko wane ya ci taya, ba tare da mun tuna inda maganar ta fito ba. Mun kuma saba ɗora wa bakanike laifi: ya cika alkawarin gobe, ya musanya kaya. Akwai masu yin haka, kamar kowace sana'a. Amma tarihin nan ya nuna mana cewa motar da ake kai masa yau ta girmi wadda aka kai wa ogansa, ta fi ta rikitarwa, kuma ta fi ta jinkirin zuwa. Galan ɗin baƙin mai da filta ba su taɓa kai kuɗin sauke injin ba, ko a zamanin Udoji ko a yau. Iyayenmu da suka riƙe littafin sabis a aljihun mota sun san haka, mu ne muka bari littafin ya ɓace.