Yaushe Ja Ya Zama Launin Tsoro?

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san yadda ake nuna ɗakin boka: a lulluɓe bango da jan ƙyalle, a ɗaura wa ɗan wasa jan zane, a kunna jar fitila. Har ta kai mai kallo na ɗauka cewa tun fil azal haka Bahaushe ke kallon ja, wato launin tsafi da mugunta. To amma tarihi bai nuna haka ba.

Tushen launuka a Hausa uku ne: fari, baƙi da ja. Mugunta kuwa rabon baƙi ce, shi ya sa muke cewa baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya. Shi ja rabonsa ƙarfi da zafi. Jan aiki shi ne mai wuya, jan gwarzo shi ne wanda ba ya ja da baya, mai jan hali kuma yabonsa ake yi. Dogaran sarki ja da kore suke sawa don kwarjini, amarya ma jan lalle ake sa mata.

Ko a wurin Maguzawa, waɗanda ƙasar Malumfashi ta yi suna da su, haka abin yake. Ba'amurken nan Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a kan Maguzawan Kano ya fitar da littafi a 1946, ya nuna cewa iskoki kashi biyu ne a wurinsu: farare da baƙaƙe. Inda ja ke shigowa shi ne wajen yanka. Kowane iska da irin dabbar da yake so, wani jan zakara, wani jan bunsuru, kuma jinin ake ba shi don neman lafiya ko damina mai albarka. Jini rai ne, zubarsa kuma mutuwa, don haka ja ya zama mai fuska biyu.

Manomin Ƙarfi ko Funtuwa ya san wannan a gonarsa. Karan dafi, wata irin dawa mai jan kara, da shi dukawa ke rina fata ta yi jawur, ana kuma haɗa magani da shi, amma ga dafi a sunansa. A tatsuniya ma, in an ce idanun Dodo sun kaɗa sun yi ja, fushi da yunwa ake nufi, kamar yadda ake faɗa wa kowane mai fushi.

To daga ina jan fim ya fito? Daga majigi mai kala. A 1958 kamfanin Hammer na Ingila ya fitar da Dracula, inda 'yan kallo suka ga jini jawur a bakin Christopher Lee da jajayen idanunsa. Shi kuwa Hitchcock a Psycho na 1960, da yake fim ɗin baƙi da fari ne, ruwan cakulan ya zuba a madadin jini, kuma ya tsorata duniya. Daga baya 'yan gidan Ramsay suka kai salon Indiya da irin su Purana Mandir a 1984. Sai Living in Bondage na 1992 ya buɗe ƙofar finafinan ƙungiyar asiri a Kudu, inda jan ƙyalle ya zama tambarin matsafa. Masana'antarmu, wadda Turmin Danya na 1990 ya buɗe mata fage, a tsakiyar waɗannan ta tashi, ta kwashi abin da ta tarar.

Aro ba laifi ba ne. Matsalar ita ce yaron da ke tasowa yanzu a fim yake sanin al'adar kakanninsa, kuma ɗakin tsafin Kudu ake nuna masa da sunan na Bahaushe. Daraktocinmu da marubuta su koma wurin tsofaffi su tambaya. Abin da ke tada wa Bahaushe tsigar jiki yana nan: tsamiya da tsakar rana, kufai, guguwa, sallamar da aka yi da dare aka fito ba kowa. Ko ɗaya daga ciki ba ya buƙatar yadi goma na jan ƙyalle.